Daga Hurgada Zuwa Luksor a Yini Ɗaya: Tambayoyin Masu Nutso da Amsoshinsu

Duk wanda ya sauka Hurgada, a bakin Bahar Maliya ta ƙasar Masar, da niyyar kwashe mako yana nutso, ba zai kwana biyu ba sai an miƙo masa takardar talla mai hoton ginshiƙai da fuskar zinare, an rubuta Luksor a yini ɗaya, wato ziyarar garin tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni da ke bakin kogin Nilu. A otal za a nuna maka, a titi za a tare ka da ita, har a jirgin nutso sai ka ji wani yana ba da labarin zuwansa. Na yi wannan tafiya fiye da sau ɗaya, ta farko cikin ganganci, sauran cikin shiri. 'Yan'uwa da ke zuwa Alƙahira karatu, ko asibiti, ko sarin kaya, sannan su ce bari su leƙa teku, su ne suka fi yi mini waɗannan tambayoyi.

Nisan nawa ne, kuma da gaske ana zuwa a dawo a yini ɗaya?

Ana yi, sai dai yinin dogo ne. Tsakanin Hurgada da Luksor kusan kilomita 290 ne, tafiyar awa huɗu zuwa huɗu da rabi idan an haɗa da shan shayi da shingayen 'yan sanda. Wajen ƙarfe biyar na asuba ake ɗiban mutane daga otal-otal. A bi gefen teku a yi kudu zuwa Safaga, daga nan a juya yamma a kutsa cikin duwatsu. Daga Safaga zuwa Kena kimanin kilomita 160 ne na hamada zalla, ba gari ba inuwa, sai baƙaƙen tsaunuka da manyan motoci. Kana cikin gyangyaɗi sai kore ya faɗo maka a ido lokaci guda: gonakin rake, dabino, jakuna da amalanke, yara a bakin magudanar ruwa. Ka shigo kwarin Nilu ke nan. Daga Kena a ƙara kamar kilomita 60 zuwa kudu a shiga Luksor. Ka yi lissafi da kanka: awa takwas zuwa tara a kujerar mota, biyar ko shida a ƙasa, a dawo da kai otal bayan isha'i ƙafafu sun yi tsami.

Na yi nutso jiya. Zan iya tafiya yau?

Wannan ce tambayar da mai sayar da tikiti ba zai yi maka ba, domin shi kujera yake son cikawa.

Iskar da ke cikin tukunyar da kake goyawa irin wadda muke shaƙa ce a waje, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na bakin ruwa sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Gwargwadon matsin, gwargwadon naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka da kitse. Bayan ka fito ba ya ficewa nan take, a hankali yake bi ta huhu, awa bayan awa. Ka ɗauki kwalbar lemo mai gas: tana rufe ba ka ganin komai, ka buɗe da sauri sai kumfa. Hawa sama bayan nutso, a jirgi ne ko a kan tsauni, kamar ƙara kwance murfin ne, domin matsin iska yana raguwa. Idan kumfar ta taru a gaɓa ko a laka, ita ce ciwon da masu nutso ke tsoro.

Ƙungiyar DAN, wadda ta shahara kan lafiyar masu nutso, ta ba da mafi ƙarancin jira kafin hawa jirgi: awa 12 bayan nutso guda mara zurfin da ke tilasta tsayawa a hanyar fitowa sama, awa 18 ga wanda ya yi nutso da yawa a rana ko ya jera kwanaki yana yi, sannan fiye da haka sosai ga wanda ya yi nutson da sai da ya tsaya rage iska dole. Cibiyoyi da yawa suna cewa a cike awa 24 a huta da lissafi. An tsara waɗannan alƙaluma ne domin tsayin da ya fara daga kimanin mita 600. Luksor kanta a ƙasa take, ba ita ce matsalar ba. Hanyar ce ke hawa ɗaruruwan mitoci cikin tsaunukan da ke bayan Safaga kafin ta gangara kwari, kuma za ka bi ta sau biyu.

Za ka sami malamin nutso da zai ce maka ba komai, mutane na yi kullum. Gaskiya ne suna yi. Ni ma na yi: na fito daga nutson dare wajen ƙarfe takwas, na hau bas ƙarfe biyar na asuba, tazarar awa tara kacal bayan kwana huɗu a jere cikin ruwa. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ni sai ciwon kai. Amma yinin nan gaba ɗaya, jagora yana bayani a gaban ginshiƙi, ni ina matsa kafaɗata ina tambayar kaina ko jakar da na rataya ce ko kuwa abin ne ya fara. Kuɗin tikiti na biya, hankalina kuma yana can Hurgada. Tun daga ranar nake ɗaukar wannan hanya kamar jirgin sama: awa 18 aƙalla, a kuma duba agogon nutso a ga abin da ya ce.

To wace rana ta fi dacewa a cikin makon?

Mafi kwanciyar hankali shi ne ka je Luksor kafin ka tsoma ƙafa a ruwa. Hawa tudu kafin nutso ba shi da illa. Wanda ya biyo ta Alƙahira ma yana iya hawa jirgin cikin gida ko jirgin ƙasa zuwa Luksor kai tsaye, ya gama kallonsa, sannan ya tsallaka hamada sau ɗaya tak zuwa teku. Ya rage wa kansa awa huɗu na zama a mota.

Mutane da yawa kuwa ranar ƙarshe suke zaɓa, tunda dama ba a nutso gab da tashin jirgi. Dabara ce mai kyau idan an yi lissafin daidai. Wanda ya fito ruwa ƙarfe uku na yamma ya tashi biyar na asuba, awa 14 ya samu, bai kai ba. Ko dai a yi nutso ɗaya marar zurfi da sassafe a tsaya nan, ko a bar yini guda a tsakani. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka zauna da cibiyar nutso tun ranar da ka iso ku tsara makon.

Idan na ji jikina ya canza a can fa?

Ciwo mai nuƙurƙusa a kafaɗa, gwiwar hannu ko gwiwa, ƙaiƙayi da tabo-tabo a fata, mutuwar yatsu ko jin kamar tururuwa na bi, jiri, kasala wadda ta wuce ta tafiya, ko wahalar fitsari: kada ka ce gajiya ce ka ja bakinka ka yi shiru. Faɗa wa jagora cewa kai mai nutso ne, a kai ka inda za a sa maka iskar oksijin, ka kira cibiyar da ka yi nutso da ita. Ɗakunan matsin iska da ake jinyar wannan ciwo a bakin teku suke, irin su Hurgada da Sharm al-Shaikh, Hurgada kuwa awa huɗu ce a bayanka. Ka ajiye lambar cibiyar da ta inshorarka a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Zan ga dala?

A'a. Manyan dalolin suna Giza, gefen Alƙahira, ɗaruruwan kilomitoci arewa. Sarakunan da suka yi mulki daga Luksor sun zo bayan masu dala da kusan shekara dubu, kuma su ɓoye kaburburansu suka yi cikin dutse saboda ɓarayi. Na taɓa zama kusa da wani bawan Allah a bas wanda sai da muka wuce Kena ya gane haka, kuma bai sake fara'a ba sai a Karnak.

Mene ne Karnak ɗin nan da kowa ke magana?

Luksor ita ce tsohuwar Tibis, wadda mutanenta ke kira Waset, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Kogi ya raba ta biyu. Gabas, inda rana ke fitowa, nan ne gari da manyan wuraren bauta. Yamma, inda take faɗuwa, nan ne makabartu. Karnak tana gabas, kuma ba gini ɗaya ba ce. Kusan shekara 2,000 aka yi ana ƙari, sarki ya zo ya ɗora ƙofa, na bayansa ya zo ya ɗora wadda ta fi ta, wani ma ya kankare sunan wanda ya riga shi ya sa nasa.

Ana shiga ta tsakanin layi biyu na gumakan zaki masu kan rago. Abin da ke tsayar da mutum cak shi ne zauren ginshiƙai na Seti na Ɗaya da ɗansa Ramsis na Biyu: ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya sun kai kimanin mita 21. Mai nutso ya san mita 21 a jikinsa, ya san yadda hasken rana ke komawa shuɗi a wannan zurfi. To ka tsaya a gindi ka ɗaga kai, ka ce wannan tsayin aka ɗora duwatsu ba injin. Ka duba ƙasan duwatsun da aka gicciya a sama, inda rana ba ta bugu ba, za ka ga fenti ja da rawaya da shuɗi suna nan bayan shekara fiye da 3,000. Can ciki akwai dogon dutse mai tsini na sarauniya Hatshepsut, kusan mita 30, guda ɗaya ne ba haɗi, daga Aswan aka sassaƙo shi aka biyo da shi ta kogi.

Kusa da tafkin da limamansu ke wanka akwai gunkin buzuzu da baƙi ke zagayawa wai don sa'a. Wannan kam ka wuce abinka. Minti goman da za ka ɓata nan ka koma zaure da su, lokacin da rukunin ya yi gaba wurin ya yi shiru.

A Kwarin Sarakuna wane kabari zan shiga?

Kaburbura fiye da 60 ne a kwarin, ba duka ake buɗewa ba, kuma ana juya waɗanda ke buɗe saboda numfashi da gumin mutane na lalata zane. Tikitin gama-gari na kabari uku ne, mai gadi yana huda shi a kowace ƙofa. Wasu kuma sai da tikiti na daban.

Kowa Tutankhamun yake nema, saboda labarin yadda Howard Carter ya gano shi a Nuwamban 1922 da kaya fiye da 5,000. Amma kabarin ƙarami ne, yaron bai kai shekara ashirin ba ya rasu, kuma kayan suna babban sabon gidan tarihi na Giza. Abin da ya rage a nan gawarsa ce cikin akwatin gilashi, da akwatin gawarsa na dutse, da zanen bangon ɗaki ɗaya. Idan kuɗin ƙari na kabari ɗaya gare ka, ni dai na Ramsis na Biyar da na Shida zan nuna maka: dogon rami mai gangara, zane tun daga ƙofa har ƙurya, rufin kuma an zana wata doguwar mace ta miƙe tana haɗiye rana da yamma tana haifo ta da safe, yadda suka ɗauki sama. A bangonsa akwai rubuce-rubuce kusan dubu na Girkawa da Rumawa da suka zo kallo shekara 2,000 da suka wuce suka kankara sunayensu. Ashe halin ɗan yawon buɗe ido ba yau ya fara ba. Na Seti na Ɗaya ya fi duka kyau, tikitinsa ma ya fi duka tsada.

Ramukan suna da zafi da cunkushewar iska, wasu da matakala mai tsawo. Wanda ya sha nutso kwana-kwanan nan kada ya mai da abin tsere.

Ni da nake shiga jiragen da suka nutse, me zai burge ni a kufai?

Mu masu nutso muna kiran Thistlegorm tsohon jirgi don ya nutse a 1941, Carnatic kuma na 1869 muna ganin sa kakan kowa. To ka je haikalin Hatshepsut a Dairul Bahari, wanda aka gina hawa uku a gindin wani jan tsauni. Matar nan ta yi sarauta kimanin shekara 1,470 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma ta tura jiragen ruwa ta Bahar Maliya zuwa ƙasar Punt, can kudu wajen gaɓar Afirka, su sayo turare da hauren giwa da zinare.

Ka hau hawa na tsakiya, ka nufi baranda ta hannun hagu. Mafi yawan jagorori minti biyu suke ba ta, don zanen ya koɗe kuma mutane na son hoto a matakala. Kai ka tsaya. Za ka ga jirage da igiyoyinsu da masu tuƙi, mutane na ɗauke da itatuwan turare da saiwarsu cikin kwanduna, bukkoki a kan turaku da tsani. Sannan ka sauke ido ƙasan jiragen, inda aka zana ruwa da layuka masu lanƙwasa. Akwai kifaye a ciki, kuma ba na Nilu ba ne. Na teku ne, an zana su da kulawar da ta sa masana suka iya gane irinsu, har da babban jatan lande mai dogayen gashin baki da dabbar nan mai hannuwa da yawa mai fesa tawada. Wani mutum ya bi jirgin nan shekara 3,500 da suka wuce, ya ga abin da masunta suka jawo, ya riƙe siffarsa har ya dawo gida. Na tsaya a wurin da shatin gilashin nutso bai gama ɓacewa a goshina ba, ina kallon abin da na bi a baya shekaranjiya a gefen tsibirin Giftun.

Hamadar da ka tsallako da asuba ma tana cikin labarin. A Marsa Gawasis, kudu kaɗan da Safaga, masu tono sun sami koguna da katakon jirgi da naɗaɗɗun igiyoyi na sarakunan da suka riga Hatshepsut da ɗaruruwan shekaru. A bakin Nilu ake haɗa jirgi, a kwance shi, a ɗauko shi gunduwa-gunduwa a tsallaka duwatsun nan da ƙafa da jakuna, a sake ɗaure shi a bakin teku. Ka tuna da wannan lokacin da kake ƙorafin sanyin bas ya yi yawa.

A nan Fir'aunan Annabi Musa yake? Kuma ya halatta Musulmi ya je?

Ba a sami wani rubutu da ya ce ga sarkin da ya yi zamani da Annabi Musa, alaihis salam, ba. Masu hasashe sun fi ambaton Ramsis na Biyu ko ɗansa Marnabtah, kuma jagorori kan faɗi haka kamar sun shaida. Dukansu biyu a Kwarin Sarakuna aka haƙa musu kabari, amma gawawwakinsu suna Alƙahira, a gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka kai gawa 22 na sarakuna da sarauniyoyi cikin jerin gwano a Afrilun 2021. Mai son ganin abin da ake danganta wa aya ta 92 ta Suratu Yunus, can zai je, ba Luksor ba.

Batun halacci kuwa malamai sun yi magana ta fuska biyu. Akwai ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata, akwai kuma hadisin wucewa ta gidajen Samudawa da ya hana shiga wurin waɗanda aka halaka sai da kuka da tsoro. Ka tambayi malaminka kafin ka taso. Abin da zan iya shaida shi ne Misirawa Musulmi su ne masu gadi, su ne jagorori, kuma 'yan makaranta da malamansu sun cika wurin.

Sallah fa?

Da hunturu asuba a hanya take riskar ku. Ka yi alwala tun daga otal, ka faɗa wa direba, yawancinsu su ma za su yi. Akwai wurin hutawa a tsakiyar hamada da ake tsayawa. Nisan ya zarce na ƙasaru nesa ba kusa ba.

Idan da hali, ka yi azahar ko la'asar a masallacin Abul Hajjaj. Yana cikin haikalin Luksor, a tsakiyar gari, an ɗora shi a kan ginshiƙan farfajiyar Ramsis na Biyu. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin, sai da aka tone daga baya tsohuwar ƙofarsa ta koma tana reto can sama a jikin bango. Shaihin ya rayu a ƙarni na 13, kuma har yau ana maulidinsa a watan Sha'aban, ana zagaya gari da kwale-kwale a kan amalanke. Tafiye-tafiyen yini ɗaya da yawa wucewa kawai suke yi ta gaban wannan haikali, don haka ka tambaya kafin ka biya. A ƙofarsa dutse mai tsini ɗaya ne ya rage, ɗan'uwansa yana tsaye a birnin Paris tun 1836.

Bas na rukuni ko motar kaina?

Bas ya fi araha, amma lokacinka ba naka ba ne. Awa guda tana tafiya a zagayen otal-otal, sannan akwai tsayawar da ba a rubuta da manyan baƙaƙe ba: masana'antar sassaƙa farin dutse a yamma da kogi, shagon takardar gargajiya, shagon turare. A tafiyata ta farko mun yi minti arba'in da biyar a shagon dutse, ana ba mu shayi, wasu samari na buga guduma suna waƙa, alhali Karnak gaba ɗaya awa ɗaya da 'yan mintoci aka ba mu. Jagora yana da kasonsa a duk abin da kuka saya, shi ya sa ba ya sauri a nan.

Idan kun kai uku ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota da jagora naku, ku faɗa tun farko ba shago. Da haka za ku iya ratsawa Dandara, tsallaken kogi daga Kena, inda rufin haikalin Hathor ke da shuɗin da ba irinsa, a bangon baya kuma akwai Kilyobatara da ɗanta. Gumaka biyu na Amenhotep na Uku da ake kira Mamnun, masu tsayin kusan mita 18, a bakin hanya suke a yammacin Luksor, minti goma sun isa.

Zafi fa? Ai mu 'yan rana ne.

Haka nake cewa. Daga Yuni zuwa Agusta Luksor tana haura 40 a ma'aunin zafi kusan kullum, kuma Kwarin Sarakuna farin dutse ne ya kewaye shi, yana mayar maka da rana ta ƙasa da ta gefe. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya san irin wannan a watan Afrilu, amma a gida ba ya yawo a fili da tsakar rana awa biyar. Ga shi mai nutso dama jikinsa a bushe yake, domin iskar tukunya ba laima, sanyin ruwa kuma na sa yawan fitsari, ƙarancin ruwa a jiki kuwa yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon kumfa. Ka ɗauki ruwa lita uku, hula mai faɗi ko rawani, da takalmi rufaffe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana da daɗi, asubar hamada kuma sai da rigar sanyi. Da azumi a lokacin zafi, ban ba da shawara ba.

Abin sha ba zai yi maka baƙunta ba. Karkade zoɓo ne, dum kuma goruba ce aka jiƙa, wadda har a kabarin Tutankhamun an same ta. Ruwan rake na wannan yanki sai wanda ya sha.

Kuɗi da bakshish?

Wuraren sayar da tikiti da yawa yanzu kati suke karɓa ba tsaba ba, sai ka tabbatar katinka na aiki a waje, ko jagora ya saya a haɗa a lissafi. Tsabar da kake buƙata ƙananan fam ne, kuɗin Masar: na banɗaki, na direba, na mai gadin da zai haska maka wani lungu da tocila ya miƙo hannu. Masu talla a bakin kowace ƙofa sun iya naci. Wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ba sai an koya masa taya ba, in kuma ba ka so, "la, shukran" da ci gaba da tafiya sun wadatar. Hoto da waya ba laifi a mafi yawan wurare, ban da walƙiya.

Akwai tsaro?

A Nuwamban 1997 'yan bindiga sun kashe mutum 62 a haikalin Hatshepsut, kuma bayan nan an yi shekaru baƙi ba sa bin hanyar sai cikin ayari da rakiyar 'yan sanda. Yanzu shingaye ne da rajistar fasinja, don haka ka riƙe fasfo ko kwafinsa mai shafin biza. Abin da ya fi ba ni tsoro ni dai shi ne dawowar dare da direban da ya tashi tun ƙarfe uku. Ka tambaya ko direba biyu ne, ka ɗaura bel.

Idan a Marsa Alam nake, ko Sharm al-Shaikh?

Daga Marsa Alam ana bi ta Ƙusair, tsohuwar tashar mahajjata, ko ta hanyar Idfu inda haikalin Horus yake. Duka biyun ta tsaunuka suke, hukuncin jira ɗaya ne. Daga Sharm ko Dahab kuwa Luksor a yini ɗaya sai jirgin sama, kuma abin da aka fi tallatawa a can, wato hawan Jabal Musa, shi ma hatsari ne ga mai nutso: tsayinsa mita 2,285, da ƙafa ake hawa, cikin dare, ana haki. Wannan kam a cike awa 24 ba ragi.

Ba gara in kwana ba?

Gara. Kwana ɗaya yana ba ka Kwarin Sarakuna da sassafe kafin basa-basan Hurgada su iso, yana ba ka haikalin Luksor da magariba an kunna fitilu ana kiran sallah daga cikinsa, da tsallaka kogi a jirgin fito tare da mutanen gari da kekunansu da buhunansu. Titin gumakan da ya haɗa Karnak da haikalin Luksor, kusan kilomita uku, an buɗe shi a 2021, ana bin sa da ƙafa. Balan-balan da ke tashi da asuba ma sai mai kwana, kuma shi ma hawa sama ne, a sa shi cikin lissafin awanni.

Na dawo. Zan iya shiga ruwa washegari?

Ta fuskar naitirojin ba abin da zai hana, jikinka ma ya samu hutu. Barci da ruwan sha ne abin dubawa. Wanda ya kwanta sha ɗaya na dare da ƙishi, ya hau jirgin bakwai na safe zuwa nutso mai zurfi da igiyar ruwa, iskarsa za ta ƙare da wuri, abokin nutsonsa ne zai sha wahala. Ni nakan bar jirgin safe ya tafi, in sha ruwa har in gaji, sai bayan la'asar in shiga murjanin da ke gaban otal, mita 10 ko 12, ina leƙa ƙarƙashin duwatsu ko zan ga dogayen gashin bakin nan sun leƙo.